Peugeot 504 ta Baba na tafasa, an ce in jefar da kalosta

Nasiru (Yamai): Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na daɗe ina karanta abin da kuke tattaunawa ban taɓa sa baki ba, yau dai matsala ta fito da ni. Mota ce ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, Peugeot 504 ƙirar 1979, mai isansi, wato fetur, injin lita biyu. Shekara huɗu tana lulluɓe da tanti a tsakar gida bayan rasuwarsa. Bara na tashe ta, na sa batir da tayu da buji, aka wanke tankin mai. Cikin gari lafiya lau take, in dai ba mu faɗa cunkoson gadar Kennedy ba, nan kam allura na ɗan ɗagawa.

Asabar da ta wuce na ɗauki hanyar Tawa. Har Doso ba abin da ya faru. Muna wuce Doso allurar zafi ta fara hawa, kafin Dogon Dutsi ta kwanta cikin ja, tururi na fitowa ta gaba. Wani bakanike na bakin hanya ya kwance durit na sama, wato tiyon roba na ruwa, ya ciro kalosta, ɗan abin nan da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa radiyata in inji ya yi zafi, ya ce wannan na ƙasar Turawa ne, mu nan ba ruwanmu da shi, ya miƙo mini a leda. Na cika ruwa na juyo Yamai a 60, ina tafe ina ƙarawa. Ko da babu kalostan allura ba ta koma inda na saba ganin ta ba.

Abin da ya tayar mini da hankali, auren ƙanwata saura sati uku a Tawa, kuma Inna ta ce ita da motar Baba za a kai amarya. Don Allah ku ba ni shawara.

Sani Wadata: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Shawara ɗaya ce, ka sayar da ita ka nemi Corolla ka huta 😂

Hajiya Rabi: Sani, ba ka ji abin da ya ce game da mahaifiyarsa ba? Wannan ba mota ba ce ta sayarwa. In ba ka da abin faɗa bar manya su yi magana.

Alhaji Mamman Direba (Tawa): Allah shi gafarta ma mahaihinka. Ɗana, bakaniken nan bai yi maka ƙarya ba. Shekara goma sha tara ina jan 504 ta haya mai layi uku, Tawa zuwa Ƙonni, wani lokaci har Agadas. Ba mu taɓa barin kalosta cikin mota ba. Ranar da anka kawo ta daga Kwatano, ranan nan muke hidda shi. Abin da anka yi don ƙasar da ruwa ke zama ƙanƙara, mi za shi yi a garin da watan Afrilu ke kai 45?

Malam Ila Bakanike (Tawa): Alhaji, barka da hutawa. Zan dawo kan maganarka, amma bari in tambayi yaron tukuna. Nasiru, amsa mini waɗannan. Wane ruwa kake zuba mata? Ruwan da ke ciki wane launi ne? In inji ya yi zafi ka kashe shi ka shafa fuskar radiyata da tafin hannu, ko'ina zafinta ɗaya? Fanka tana kamawa, wato ka taɓa jin ƙararta ta sauya in allura ta hau? Sannan ka buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ka duba cikinsa, akwai wani abu fari-fari mai kama da kindirmo?

Nasiru (Yamai): Na gode Baba Ila. Ruwan famfo nake zubawa, a hanya kuma ruwan leda. Launinsa ja ne kamar ruwan gulbi da damina. Yanzu na fita na tashe ta na gwada. Gefe da gefen radiyata da zafi har ba a iya barin hannu, amma tsakiya daga ƙasa ɗumi-ɗumi ne kawai. Fanka tana juyawa amma a sanyaye, ban ji ƙararta ta sauya ba. Murfin mai kuwa baƙi ne, babu farin abu.

Malam Ila Bakanike (Tawa): To alhamdu lillahi da babu farin nan, juwan kulas ɗinka, wato shimfiɗar da ke liƙe tsakanin kan inji (kulas) da gangar jikinsa (bulok), na iya zama da rai. Ciwo biyu ke damun motarka, kuma babu kalosta cikinsu.

Na farko radiyata ta toshe. Wurin nan da ka ji ɗumi-ɗumi, ruwa ba ya bi ta nan. Ƙananan bututun da ke ciki sun cika da tsatsa da farar ƙasa. Shekara huɗu ruwan famfo na kwance cikin bulok na ƙarfe, ka tashe ta, duk laka ta taso ta tafi ta zauna inda hanya ta fi ƙunci. Rabin radiyata ya ishi yawon gari. Da ka hau kwalta ka taka 100 da rana tsaka, inji na haifar da zafin da rabin nan ba ya iya fitarwa.

Na biyu fanka. Peugeot tun daga 403 da 404 suna da fanka mai kamawa da kanta da maganaɗisun lantarki. Akwai ɗan makunni da ke jin zafin ruwa, in ya wuce 80 da ɗan abu sai ya tura wuta ta wani ɗan gawayi, fankar ta kama da ƙarfi. In ruwa ya huce ta saki. Taka ba ta kamawa, iska ce kawai da jan gogayya ke kaɗa ta. Shi ya sa take ɗagawa a cunkoso. Ku riƙe wannan: motar da ke zafi a tsaye ta huce in an taka, a duba fanka. Wadda ke zafi a guje, a duba radiyata da famfon ruwa da saitin wuta. Taka ta haɗa duka biyun.

Alhaji Mamman Direba (Tawa): Ila, duk na ji. Amma ba ka ce komi ba bisa kalosta. Ni mota nawa ta mutu hannuna don na hidda shi? Ko guda.

Malam Ila Bakanike (Tawa): Alhaji, gaskiyarka a taka motar. Kai kana tayar da ita bayan asuba a tasha, ka ɗauki mutum tara da kaya bisa, ba ka kashe ta sai isha. Injinka bai san sanyi ba, da kalosta da babu duk ɗaya. Yaron nan kuwa daga gida zuwa wurin aiki ne, kilomita biyar ko shida. Ka tuna safiyar Disamba da Janairu, lokacin hunturu, ana sauka 14 ko 15, Agadas ma ƙasa da haka. Ba kalosta injinsa ba zai taɓa kai zafin aikinsa ba kafin ya isa. Inji mai sanyi yana shan isansi da yawa, isansin da bai ƙone ba yana wanke man da ke jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai, zobba su ci. Ba ranar ake gani ba, sai bayan shekara biyu a ce mota na hayaƙi.

Kuma aikin kalosta ba sanyaya mota ba ne, ba kuma zafafa ta ba. Ƙofa ce. Na 504 mai isansi yana fara buɗewa wajen digiri 75. Da ya buɗe gaba ɗaya ya gama nasa, saura aikin radiyata ne. Cire shi ba ya ƙara wa radiyata bututu ko ɗaya. Ga shaida nan, an cire, allura ba ta sauka ba. Inda yake laifi shi ne in ya maƙale a rufe, wannan kam cikin minti goma mota za ta tafasa, ba za ta kai shi Doso ba. Nasiru, kada ka yar da ledar nan. Ka ɗaura shi da zare ka saka cikin tukunyar ruwa bisa wuta. In ya buɗe baki kafin ruwa ya tafasa, ya kuma rufe da ya huce, lafiyarsa lau.

Sani Wadata: Ni dai abin da na sani, in radiyata ta yi datti a zuba Omo a yi yawo kwana biyu a zubar. Wasu kanwa suke jiƙawa.

Malama Zara'u: Sallama gare ku. Ina koyar da ilimin sinadarai a sakandare, kuma 404 ta mahaifina tana hannuna, saboda haka ku bar ni in sa baki a nan. Sani, don girman Allah kada kowa ya zuba kanwa. Tambayi duk macen da ta taɓa barin ruwan kanwa ya kwana a tukunyar alminiyam, za ta gaya maka yadda take baƙi tana ƙuraje. Kulas na 504 alminiyam ne. Abin da kanwa ke yi wa tukunya shi za ta yi masa, har ma fiye, tunda da zafi. Garin sabulu kuma kumfa yake yi, famfon ruwa ba ya iya tura kumfa, kuma ba ya narkar da farar ƙasa ko kaɗan.

Abin da ke narkar da ita tsami ne mai sauƙi, irin binegar ko garin tsamin lemo. Amma shi ma sai inda ruwa ke wucewa yake aiki. Bututun da ya riga ya toshe, tsamin zai kewaye shi ne ya bi ta buɗaɗɗen. Irin ta Nasiru sai an sauke ta an kai wa masu radiyata, su narkar da dalma su cire tankin sama, su bi bututun ɗaya bayan ɗaya da siririn ƙarfe, su mayar su liƙe. Wannan ce ribar tsohuwar radiyata ta jan ƙarfe da tagulla, ana buɗe ta a gyara. Ta roba da alminiyam ta motocin yanzu in ta mutu ta mutu.

Baba Audu Ƙonni: Mu nan bakin iyaka lagireto muke ce wa radiyata. Na yi shekaru ina aikin gareji a Kaduna, garin da aka riƙa haɗa 504 tun 1975 har bayan shekara ta 2000, lokacin Faransa ta daɗe da daina yin salun ɗinta tun 1983. Abin da zan ƙara a kan na Malama, in mai lagireto ya buɗe ya ga bututun sun ruɓe, kada ka yarda ya matse su ya toshe da dalma ya ce an gama. Biyu ko uku ba komai. In sun wuce haka a sauya cikin gaba ɗaya, in da hali a sa mai layi uku. Kayan 504 ba su yanke ba, daga Najeriya suna shigowa, sai dai a buɗe ido da jabu.

Sannan tunda lagireto na ƙasa, ka kwance kusar zubar da ruwa da ke jikin bulok. Mutane da yawa ba su san da ita ba. Sau da yawa za ka kwance ruwa ya ƙi fitowa, sai ka soka waya laka ta ɓalle. Ka sa tiyo ka yi ta wankewa har ruwa ya fito fari. In ba haka ba, sabuwar lagireto za ta sake cika cikin wata ɗaya.

Nasiru (Yamai): Ina rubutawa duka a takarda. To in an gama, wane ruwa zan zuba? Abokina ya ce in sayi koren ruwan nan na galan, wani kuma ya ce asarar kuɗi ce tunda mu ba mu da ƙanƙara.

Alhaji Mamman Direba (Tawa): Na biyun nan shi ad da gaskiya. Ruwan rijiya munka sha, shi motocinmu sunka sha.

Malama Zara'u: Alhaji, Baba, da girmanka, a nan kam ba zan bi ka ba. Leƙa cikin butar shayin da ta shekara ana dafa ruwan rijiya a cikinta, ka ga farin ɓawon da ke gindinta. Ƙasar Adar ƙasar farin dutse ce, ba banza aka kafa masana'antar siminti a Malbaza ba. Wannan ɓawon shi ke liƙewa cikin kulas da radiyata, kuma ba ya barin zafi ya wuce. Ruwan Yamai da ake ɗebowa daga kogi ya fi sauƙi ta wannan fuska, amma shi ma ba ya hana tsatsa.

Sunan ruwan ne ke ruɗin mutane, an ce maganin daskarewa, sai mu ce ba namu ba ne. Mu abin da muke saye a cikinsa maganin tsatsa ne. Ku duba abin da ruwa ke ratsawa cikin 504: bulok na baƙin ƙarfe, kulas na alminiyam, radiyata ta jan ƙarfe da tagulla, ga dalma. Ƙarafa daban-daban cikin ruwa ɗaya mai zafi, ƙaramin batir ke nan, kuma wanda ake ci a ciki alminiyam ne. Shi ya sa ake buɗe tsohon kulas a tarar bakin ramukan ruwa ya zaizaye kamar ɓera ya ci.

Sai dai kada a wuce gona da iri. Ruwa zalla ya fi gilikol, wato sinadarin da ke cikin koren ruwan, ɗaukar zafi, saboda haka wanda ya cika mota da shi tsantsa ya ƙara mata zafi ne. A Turai rabi da rabi suke yi don ya jure sanyin 35 ƙasa da sifiri. Mu kashi ɗaya cikin uku ya isa maganin tsatsa ya yi aiki. 504 na cin kusan lita 8, ka ga lita biyu da rabi zuwa uku na mai kauri, saura ruwa mai tsabta. Ka karanta jikin galan, in an rubuta an riga an haɗa shi, to a haka ake zubawa, ba a ƙara ruwa. Ruwan haɗawa kuma, ko tataccen da ake sayarwa don batir, ka tabbata ba mai asid ba ne, ko wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, ko ruwan sama da aka tara a roba mai tsabta aka tace. Ka nemi irin na da, wanda ake sauyawa duk shekara biyu, shi aka yi don jan ƙarfe da dalma. Launi ba hujja ba ne, rini ne kawai.

Hajiya Rabi: Malama, ai matsalar ke nan. Na taɓa sayen galan a bakin titi, ashe ruwa ne da rini. Yaya mutum zai gane?

Malama Zara'u: Hajiya, na gaske yana da santsi tsakanin yatsu. In kina son tabbaci, ki haɗa kaɗan rabi da rabi da ruwa a ƙaramar kwalba, in kuma haɗaɗɗe ne ki zuba shi yadda yake, ki rufe ki sa a gidan ƙanƙara na firji ya kwana. Na gaske ba zai daskare ba, jabu zai zama dutse. Amma ki ɗaure kwalbar cikin leda ki rubuta a jiki, ki cire da sassafe da kanki. Abin nan zaƙi gare shi kuma guba ne, ƙoda yake kashewa. Yaro ya gan shi kore ko ja cikin firji zai ɗauka lemo ne.

Malam Ila Bakanike (Tawa): Wannan gaskiya ne. A garejinmu wani yaro ya juye tsohon ruwan wata mota cikin tasa ya bari ya tafi salla. Akuyar maƙwabta ta shanye. Kwana biyu ta mutu, ni na biya. Tun ranar, jarka muke zubawa mu rufe.

Sani Wadata: To masu zuba tumatirin gwangwani da ƙwai da garin taba in radiyata na yoyo fa? Na ga an yi da idona kuma ya tsaya.

Alhaji Mamman Direba (Tawa): Ya tsaya mana. Tsakanin Abalak da Agadas radiyata ta hude mini, garin taba na zuba, shi ya kai mu. In kana cikin daji da mata da yara, ba ka tambayar malaman makaranta.

Malam Ila Bakanike (Tawa): A daji ni ma zan zuba, Alhaji. Laifin shi ne a iso gari a manta. Abin da ya toshe huda shi ke toshe bututu. Rabin radiyatocin da ake kawo mini, in an buɗe sai ka rantse miya aka dafa a ciki.

Nasiru, saura murfi. Kada ka raina shi. Ruwa a buɗe yana tafasa a 100. Murfin radiyata yana riƙe matsi, matsin ne ke ɗaga wurin tafasa: da bar ake auna matsin, rabin bar yana kai shi wajen 111, bar ɗaya wajen 120. Gilikol ɗin da Malama ta faɗa, ko rabi da rabi ne, abin da yake ƙarawa bai wuce 7 ko 8 ba, ka ga murfi ya fi shi aiki a nan. In robarsa ta tsage ko sifirin ya mutu, mota za ta riƙa zubar da ruwa tun ba ta yi wani zafi ba. Ka sayi sabo mai lamba daidai da wadda ke kan tsohon. Kada a ba ka na motar zamani mai 1,2 ko 1,4, zai fasa maka dalmar tsohuwar radiyata da durit. Durit kuma ka matsa kowanne da hannu, wanda ya yi tauri kamar itace ko ya yi laushi kamar tuwo a sauya. Kuruwar fanka, wato bel ɗin da ke jan ta, ka danna ta da yatsa, ta ɗan lotsa kamar santimita ɗaya. Ka girgiza fulin famfon ruwa, in yana wasa ko akwai alamar ɗiga ƙarƙashinsa, a sauya shi yanzu da komai ke kwance. A ƙarshe a duba saitin delko, mai raba wa buji wuta, wutar da ta makara tana dafa inji ko da radiyata sabuwa ce.

Baba Audu Ƙonni: Fankar kuma yawanci ɗan gawayin ne ke cinyewa, ko makunnin ya mutu. In ta ƙi a hanya, akwai ƙananan kusoshi uku na gyara tazara a jikinta, ka ɗaure su sai ta kama dindindin. Direbobi da yawa haka suke barin ta, tana ƙara amo da ɗan shan mai, amma ba ta kashe inji.

Kuma in Allah ya sa wata rana sai an buɗe kulas, ka tsaya a kan bakaniken. Silindar injin nan hannun riga ce da ake zarewa, ruwa na kewaye da ita. In kulas na ƙasa aka juya inji ba a danne su ba, za su motsa, abin da ke liƙe gindinsu ya saki, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Na ga injin da aka kashe ta haka ba ɗaya ba ba biyu ba.

Hajiya Rabi: Ni nawa gargaɗin ɗaya ne. Kada ka buɗe murfi mota na tafasa. Ƙanena har yau da tabo daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. A jira ta huce, a sa tsumma mai kauri, a murɗa rabi iska ta fita tukuna. Kuma ba a kwara ruwan sanyi cikin inji mai zafi a kashe, kulas na tsagewa. In ta ɗan huce a tashe ta, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan.

Malama Zara'u: Duk mun tattaru a kan radiyata, amma amarya za a ɗauka. Nasiru, yaushe rabon da a sauya man birki?

Nasiru (Yamai): Wallahi Malama ban sani ba. Ƙarawa kawai na yi.

Malama Zara'u: To wannan ya fi radiyata haɗari. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana tsotsar laima daga iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da 230, wanda ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. Ka yi ta taka birki da kaya a gangaren Adar, ya tafasa, feda ta tafi ƙasa ba komai. Banda tsatsar da yake sa wa cikin silindar birki. Duk shekara biyu ake zubar da shi a sa sabo a fitar da iska ta kowace ƙafa. Kada a ba ka DOT 5, ba ya haɗuwa da su. Kada kuma a zuba koren LHM na Citroën, yana kumbura robobin Peugeot.

Malam Ila Bakanike (Tawa): Madalla da Malama. Injin da ya tafasa kuma a yi masa bidanj, wato a sauya baƙin mai, ko lokaci bai yi ba, man ya ƙone. Lita 4 ne, 20W50, da sabuwar matata. Da ƙurarmu kada ka wuce kilomita 5000, ni a 3000 nake yi wa masu shiga daji. Ka saya a rufe, ban da na kwalba a bakin titi. Buwat ɗin 504, wato akwatin giya, man inji take sha, lita ɗaya da ɗan kai, mutane na zuba mata mai kauri na 90 su ce giya ta yi tauri da safe. Mai kaurin na fon ne, wato giyar baya da ke juya ƙafafun baya. Malama, ke kuma taki 404 ki yi hankali, in fon ɗinta irin na da ne mai dunƙulen tagulla, ba kowane man giya yake so ba.

Malama Zara'u: Na sani Baba Ila, mahaifina ya rubuta shi da jan biro a bangon littafin motar. Wasu man na zamani suna cin tagulla, kuma na asalin na ɗanyen zurma ne, ba a gauraya shi da na ƙasa.

Nasiru (Yamai): Assalamu alaikum, na dawo da rahoto bayan kwana tara. Mun sauke radiyata na kai wa wani dattijo mai wannan aiki. Da ya cire tankin sama ya kira ni in gani, fiye da rabin bututun a toshe, abin da ya fito kamar jar laka. Biyu kawai suka ruɓe, ya liƙe su. Kusar bulok sai da muka soka waya kamar yadda Baba Audu ya ce, mun kusa awa ɗaya muna wankewa. Gawayin fanka ya cinye saura ɗan guntu, an sa wani, yanzu ina jin ƙaf in ta kama. Famfon ruwa na wasa, na sauya. Durit biyu, murfi, bidanj, man birki wanda ya fito baƙi kamar shayin farko. Na tashe ta da murfin radiyata a buɗe don in ga ko juwan kulas na tura kumfa cikin ruwa, babu kumfa.

Kalosta kuwa na dafa shi a butar shayi, Inna na kallona tana tambaya ko lafiya. Ya buɗe tun ruwa bai tafasa ba, ya rufe da ya huce. Na mayar da shi. Baba Alhaji, a gafarce ni.

Alhaji Mamman Direba (Tawa): Ba ka yi mini laihi ba ɗana, motarka ta. Amma ka sa kile, wato sifana, mai lamba goma da sha biyu da sukurdireba cikin mota, ka riƙe jarka ta lita goma. In ya maƙale maka bayan Tsarnawa za ka tuna da ni. Kuma ka taso da asuba, ka wuce Dogon Dutsi kahin rana ta yi tsaka.

Sani Wadata: Duk kuɗin nan da ka kashe ai da ka kusa kafin alƙalamin Corolla 😂 Allah ya kai ku lafiya dai.

Nasiru (Yamai): Alhamdu lillahi mun iso Tawa jiya bayan la'asar. Mun taso ƙarfe biyar da rabi, ni da Inna da ƙannena biyu da kayan gara cike da but. Kilomita ɗari biyar da wani abu, allura na tsakiya. A hawan da ke kusa da Badagishiri ta ɗan ɗaga, na ji fanka ta kama, ta dawo. A Ƙonni da muka tsaya salla na tarar fuskar radiyata ta cika da fara da ƙaiƙayi, na kakkaɓe. Yau da safe na duba ruwa, ya ragu kamar rabin kofin shayi, kuma na ga ɗan jiƙa a kafet ta gefen fasinja. Gobe za a kai amarya.

Malam Ila Bakanike (Tawa): Barka da zuwa. Jiƙar nan daga ƙaramar radiyatar ɗumama ciki ce ko famfonta, sabon murfi ya riƙe matsi ya tono inda ke da rauni. Ba abin tsoro ba ne, amma kada a kai amarya da shi, ruwan zafi ne kusa da ƙafar mutum. Kawo ta bayan azahar in haɗe durit biyun a kewaye ta, in ƙara ɗaure sauran maɗaurai tunda sun sha zafi sun zauna. Aikin minti ashirin ne. Zan turo maka kwatance ta saƙo.

Alhaji Mamman Direba (Tawa): Ila, in ya zo ka kira ni. Ina son in ji kukan injin nan, na kwana biyu ban ji ba.